Kwanon Kajin Inna

A gidan marigayi Alhaji Sha'aban da ke Azare, abu biyu ne ba a taɓa wa Inna Zainabu: kajinta, da maganar mijinta na fari. Kajin ma da sauƙi, don in ka taka mata ɗan tsako ka ba da haƙuri, za ta yi faɗanta ta gama kafin la'asar. Amma maganar Uzairu, sojan da ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba, duk wanda ya tayar da ita to ya shirya yin sati guda yana gaisuwa ana amsa masa da ka.

Wadda abin ya fi ci wa rai ita ce Hajiya Zulaiha, 'yar Uzairu tilo, mai shagon atamfa a kasuwa. Ta haura hamsin da biyar, furfura ta fara leƙowa ta ƙasan ɗankwali, amma ko a hoto ba ta taɓa ganin fuskar mahaifinta ba. Alhaji Sha'aban ya riƙe ta tsakani da Allah, da sunansa ta yi makaranta, shi ya aurar da ita, ba ta da abin faɗa a kansa sai alheri. Sai dai uba uba ne. Abin da ta sani bai cika tafin hannu ba: mutumin Chinade ne, ya tafi tana ciki, an gama yaƙi sojoji suka dawo ban da shi. Daga baya wani direban motar shanu ya rantse ya gan shi a Fatakwal da shago da mata. Alƙali ya raba auren, Inna ta auri Alhaji, aka rufe zancen.

Da haka za a tafi, ba don cikin Rukayya ba. Rukayya matar Najmuddeen ce, ɗan farin Hajiya Zulaiha, wanda saboda kunya ba ta kiran sunansa sai dai ta ce Ɗan Inna. Ran nan ya shigo shago ya zauna kan benci yana ta juya makullin babur, can ya ce, "Hajiya, an yi hoton ciki, sun ce namiji ne. In Allah ya sauke ta lafiya, sunan mahaifinki nake so in sa masa."

Sai ta juya ta hau gyara atamfofin da babu abin da ya same su, don kada ya ga idonta. Ba ta taɓa roƙon wannan ba, ba ta ma san tana sonsa har haka ba sai da ta ji an faɗa.

Inna kuwa da labari ya je mata, tana watsa wa kaji dawa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"A gidan nan?" ta ce. "Wanda ya sa ƙafa ya tafi ya bar mace da ciki, ba a mai da sunansa gida. Ku sa wa yaro sunan wanda ya sha wahalarku."

"Inna, Sha'aban fa uku gare mu a dangi."

"A yi na huɗu, sunan bai ƙare ba. In kuwa kuka sa wancan, ɗanku ne, ba ni da iko. Amma hannuna ba zai ɗauke shi ba."

Kuma duk Azare an san Inna ba ta magana biyu. Hajiya Zulaiha ta koma gida zuciyarta a cunkushe. Ba za ta yarda jikanta ya tashi kakar ubansa na kau da kai daga gare shi ba, kuma ba ta jin za ta iya barin sunan ya wuce ta a karo na ƙarshe. Hanya ɗaya ta rage, ita ce ta san gaskiya. In gudu ya yi, ta haƙura ta ba Inna gaskiyarta. In kuwa ba gudu ya yi ba, to an daɗe ana zaluntar bawan Allah a kabarinsa.

Washegari ta bar wa yarinyar shago ciniki, ta hau keke napep zuwa ofishin 'yan mazan jiya. Ɗaki ɗaya ne da tebur da benci, sai wani tsohon saje, Malam Kashim, wanda bindiga ta cinye masa kunne ɗaya, saboda haka duk maganarsa kamar yana kiran wani a ƙetaren titi. Ya saurare ta da kunnen mai kyau yana ɓantarar goro daga wani kwanon soja na gorar ruwa mai kusurwa huɗu da ke kan teburinsa.

"Hajiya, soja ba suna ba ne, lamba ne!" ya ce. "Uzairu? A zamaninmu in aka kira Uzairu a fareti mutum biyar ke amsawa. Kawo min lamba, ni kuma in nuna miki ƙofar da za ki ƙwanƙwasa."

Lamba kuma a ina? Ta ɗauki acaɓa har Chinade. Gidan kakanninta ya daɗe da rushewa, an noma gero a wurin, tsamiyar ƙofar gida ce kawai ta rage. Tsofaffin da suka tuna Uzairu suka ce yaro ne mai fara'a, mai son yaji kamar me, sannan kowannensu ya ƙare da labarin direban motar shanu, wanda shi ma ya daɗe a ƙasa. Ta dawo da ƙura har gira, ta biya ta gidan Inna don ta sha ruwa, ta zube kan tabarma a tsakar gida.

Tana nan zaune idonta ya sauka kan kwanon da kaji ke shan ruwa. Tun tana rarrafe ta san kwanon nan, har ya zama ba ta ganinsa. Yau ne kawai ta gan shi, don da safen jiya ta ga ɗan'uwansa cike da goro a teburin Malam Kashim: kusurwa huɗu, gorar ruwa, da gurbin mariƙin da ya karye. Ta tashi ta kore kajin, ta zubar da ruwan, ta kife shi ta kankare gansakukar da ƙusa. Ga lambobi nan an buga su da bakin ƙarfe, a jere.

"Ke! Ajiye min kwanon kajina!" Inna ta faɗa daga ƙofar ɗaki.

Hajiya Zulaiha ta ɗauki hoton lambar da waya, ta ɗauraye kwanon, ta cika shi da ruwa ta mayar. A hanyar gida ta yi ta tunani. Inna mace ce mai kyauta har ta yi yawa. Kwanukan aurenta na fari da na biyu duk ta rabar, langa da kumbo babu wanda ya kwana biyu a hannunta. Amma wannan ƙazamin kwano ya taso daga Chinade, ya bi ta gida uku a Azare, bai taɓa ɓata ba ko sau ɗaya. Wanda aka tsana ba a yi wa kayansa irin wannan riƙo.

Daga nan aka shiga zirga-zirga. Malam Kashim ya rubuta mata takardar neman bayani, ta kai Bauchi, daga Bauchi aka ce tsofaffin takardun yaƙi suna can kudu, sai an aika. Najmuddeen ya riƙa bin sawu ta waya. Cikin Rukayya na girma, amsa shiru. Abokan kasuwa suka fara tsokanarta, wai Hajiya ta bar atamfa ta shiga soja. Ta yi dariya tare da su, amma kullum ta ga Rukayya ta wuce tana dafe da baya sai gabanta ya faɗi.

Sai da ciki ya shiga watansa sannan amsa ta zo. Shafi ɗaya ne tak. Malam Kashim ya sa tabarau ya karanta mata da muryar da duk layin ya ji: Uzairu Katagum, farabiti, an ɗauke shi a Kano a 1967, ga bataliyarsa, an kashe shi a fagen daga a daminar 1968, an aika sanarwa Katagum.

"Kin ga inda aka rabu!" ya ce, ya cire tabarau. "A lokacin in aka tambaye ka kai ɗan ina ne, ƙasarku za ka faɗa. Ya ce Katagum, magatakarda ya rubuta Katagum. Da ya faɗi, sai saƙo ya nufi garin Katagum, inda babu wanda ya san shi. Chinade kuwa tana nan tana jira."

Ta karɓi takardar da hannu biyu. Daminar 1968, watanni kaɗan ke nan da haihuwarta. Duk shekarun da take jin haushin wani mai shago a Fatakwal, ashe mahaifinta na kwance, saurayi ne da bai kai shekarun Ɗan Inna ba. A cikin keke ta ja mayafi ta rufe fuska ta yi kukanta, mai keken ya rage sautin rediyo bai tambaye ta komai ba.

Ta zaci an gama. Ashe ba ta gama sanin uwarta ba. Inna ta saurari takardar har ƙarshe tana tsince wake, sannan ta ce, "Takarda ai abin da aka rubuta mata take faɗa. Masu wannan suna nawa ne a ƙasar Katagum?"

"Inna, lambar kwanonki ce fa a jiki."

"Kwano a hanya ma ana tsintarsa. Wancan mutum ne ya gan shi da ido. Ke kuma kin kawo min takarda."

Hajiya Zulaiha ta buɗe baki za ta yi musu, sai ta lura hannun Inna na mai da tsakuwa cikin waken da ta tsince, yana zubar da mai kyau. Sai ta fasa. Ta gane fushin nan shi ne sandar da tsohuwa ta dogara a kai fiye da shekara hamsin, ba kuwa za a fizge mata ita da shafi ɗaya ba.

Ta koma ta faɗa wa Malam Kashim. Ya tauna goro ya ce in mutum take so, a nemo mutum. Ya sa aka rubuta sunan da lambar da bataliyar a zauren da tsofaffin sojoji da 'ya'yansu ke gaisawa ta waya, ya ce duk wanda ya san wannan bawan Allah ya yi magana. Ana cikin haka Rukayya ta sauka lafiya, namiji, mai yawan gashi da ƙarfin murya. Gidan Inna aka kawo maijego, a nan za a yi suna. Inna ta shiga barka, ta yi addu'a, ta leƙa fuskarsa, amma hannayenta na cikin mayafi. Jira take ta ji suna.

Kwana uku da haihuwa wayar Hajiya Zulaiha ta yi ƙara. Muryar mace ce, ta ce sunanta Mabel, malamar makaranta ce a Bogoro. Ta ce tun da ta karanta wa babanta sunan nan ya ƙi cin abincin kirki, ya ce ko a kai shi Azare ko ya kama hanya da sandarsa.

Ana jibi suna suka iso gidan Inna da hantsi. Mahaifin nata, Baba Zachariah, dogo ne da tsufa ya lanƙwasa, ya sa kaftaninsa na zuwa coci da hula, yana takawa a hankali Mabel na riƙe da gwiwar hannunsa. Da ya ga Hajiya Zulaiha a zaure sai ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Goshin nan nasa ne. 'Yata, ba sai an faɗa min ke ce ba."

Babu wanda ya taɓa ce mata ta yi kama da wani. Ta durƙusa ta gaishe shi.

Aka sa masa kujera a inuwar dalbejiya a tsakar gida. Inna ta ƙi fitowa. Ta amsa gaisuwarsa daga bayan labule, ta ce a ba baƙo ruwa, ta zauna nan bakin ƙofa ta ciki, ana hango yatsun ƙafarta ta ƙasan labulen. Baba Zachariah bai damu ba. Ya sha ruwa, ya ajiye kofi, sai idonsa ya faɗa kan kwanon kaji. Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Ashe ga ɓarawon nan inda ya ɓuya," ya ce. "Kwanon nan ya sa aka yi wa Uzairu gwale-gwale har ya kasa tsayuwa. Kafin a tura mu kudu aka ba mu hutun kwana kaɗan, ya zo gida, ya dawo babu kwano. Ya ce wa saje ya ɓata. Da muka keɓe na ce, kai, ya za ka yar da kwanonka ana shirin yaƙi? Sai ya ce bai yar ba, a gida ya bar shi da gangan, don a riƙa zuba masa tuwonsa ana ajiyewa. Wai in mutum na da tuwo a gida dole ya dawo. Daga ranar a kwanona muke ci, ni da shi, har ƙarshe."

Yatsun ƙafar da ke ƙasan labule suka janye ciki.

"Yana da wani ƙullin yaji a tsumma, nan cikin aljihun ƙirji," tsohon ya ci gaba. "Ba ya ba kowa sai ni, ni ma a kan tsinke. Yajin nan da citta da kanumfari da wani abu mai ɗan ɗaci da har yau ban san ko mene ne ba. In ya lasa sai ya lumshe ido ya ce, Allah ya yi wa mai yajin nan albarka. Hajiya, ki gafarce ni, ni ban taɓa sanin sunanki ba sai jiya a mota. Shekara guda muna kwana rami ɗaya bai taɓa faɗa ba. Mai yaji kawai yake cewa."

Daga bayan labule, can ƙasa-ƙasa, aka ce, "Kimba ce."

"Na'am, Hajiya?"

"Abin mai ɗaci. Kimba ce."

Baba Zachariah ya gyaɗa kai kamar an sauke masa kaya. Sannan ya faɗi yadda abin ya faru, a taƙaice, ba ƙari. Wata gada ce a daji, da sassafe, ana ruwa. Uzairu na gabansa da taku kaɗan. Bai yi magana ba, bai ma san an yi ba.

"Da aka gama yaƙi na ce sai na kai labarinsa da bakina," ya ce. "Na sami izinin kwana biyu. Na fara zuwa garin Katagum, babu wanda ya san shi. Sai na tuna yana yawan ambaton Chinade. Na iso ranar kasuwa, gari ba maza, duk sun taho Azare. Aka nuna min wani gida mai tsamiya a ƙofa. Na tarar da wata dattijuwa a gindinta tana gyaran ƙwarya. Na gaishe ta, na ce, Mama, ke ce mahaifiyar Uzairu? Sai ta kau da kai ta ce a'a. Na ce, nan ne gidansu? Ta tattara ƙwaryarta ta shige ciki. Na tsaya, na tsaya, babu wanda ya fito. Matarsa kuma ban san sunan da zan nema ba."

Ya share ido da bakin hularsa.

"A wurinmu, 'yata, in ka ambaci sunan ɗan da ya tafi yaƙi, uwarsa rigarka za ta cakuma. Sai na ce to ba nan ba ne. Motar da zan bi tana ta ƙaho, na tafi. Sai bayan shekaru, da na zauna da Fulani maƙwabta, na ga uwa ba ta amsa ɗanta na fari ko da wuƙa a wuya. Ranar na kasa cin abinci. Na sake dawowa Chinade, na tarar gidan ya faɗi, aka ce tsohuwar ta rasu, matar ta yi aure wani gari."

Kukan jariri ya taso daga ɗakin maijego. Sai aka ga labule ya ɗaga. Inna ta fito ba mayafi, abin da ba ta taɓa yi gaban baƙo ba, ta dafa bango ta zauna a dokin ƙofa. Ta dubi tsohon sosai.

"Kana da wata jaka koriya a kafaɗa," ta ce. "Ka cire hularka ka riƙe a hannu."

"Haka ne, Hajiya."

"Ta kafar zana na hango ka. Ina daka, wannan tana bayana a goye." Ta nuna Hajiya Zulaiha da haɓa. "Na ji ka faɗi sunan. Taɓarya ta kusa suɓuce min. Amma a gidan surukai nake, ya zan fito da gudu ana maganar miji? Sai na ƙara wa dakan ƙarfi don kada a ce na ji. Dada, surukata, ta shigo ta wuce ni ta shiga ɗaki. Ɗanta na fari ne, ba ta da bakin tambaya, ni ma ba ni da shi. Mun zaci za ka jira maza su dawo."

Ta murza bakin zanenta.

"Da suka dawo, ni na jira ta faɗa, ita ta jira in faɗa. Babu wadda ta faɗa. Daga ranar, duk ranar kasuwa sai ta ɗauki ƙwaryarta ta zauna gindin tsamiyar nan tun safe. Har ta mutu. Ba ta taɓa cewa ga abin da take jira ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba."

Hajiya Zulaiha ta ji kamar ta yi ihu, amma ta rasa wanda za ta yi wa. Babu mugu a labarin. Mutum uku ne, uwa da mata da shi kansa, kowa na ƙauna har ya kasa faɗa, sai baƙo ɗaya da ya zo da amana bai san al'adar gida ba. Tausayin su duka ya rufe ta, har da kakar da ba ta tuna fuskarta.

"Malam," Inna ta ce, karo na farko muryarta ta karye, "an yi masa salla?"

"An yi, Hajiya. Ni na haƙa ramin da hannuna. Na nemo Musulmi uku a cikinmu, wani Abbas ɗan Misau ya ja su. Su suka nuna min yadda zan kwantar da shi ya fuskanci gabas. Ƙullin yajin na bar masa a aljihu, da saura a ciki."

Inna ta gyaɗa kai a hankali, ta yi ta gyaɗawa. Ba ta yi kuka a gabansu ba, ba halinta ba ne. Ta miƙe ta nufi wurin kaji, ta kore su da gefen zane, ta ɗauki kwanon ta zubar da ruwan. Ta zauna bakin rariya da toka da soso ta hau dirza. Mabel ta tashi za ta taya ta, Hajiya Zulaiha ta riƙo hannunta ta girgiza kai. Har azahar ana jin ƙarar dirzar nan. Bayan ta sai aka ji ƙarar turmi, ƙamshin citta da kimba ya cika gida, jikoki na ta atishawa.

Da aka sauke tuwo, Inna da kanta ta zuba a kwanon, wanda yanzu yake ƙyalli duk da lotsawarsa, ta barbaɗa yaji a gefe ta ajiye gaban Baba Zachariah.

"Ka ciyar da shi a naka," ta ce. "Yau ka ci a nasa."

Tsohon ya sunkuyar da kai ya yi addu'arsa, ya ɗebi loma ya dangwali yajin. Hawaye suka zubo masa, ya ce yajin ne, kowa kuma ya yarda yajin ne.

Inna ba ta ce komai kan suna ba, ranar ko washegari. Najmuddeen ya zo ya tambayi uwarsa me za a yi, ta ce ita ma ba ta sani ba. Sai da safen suna, maza sun taru a ƙofar gida, an kawo goro da dabino, liman na jira, Baba Zachariah na zaune cikin dattawa kusa da Malam Kashim suna ta yi wa juna ihu kan zamanin soja, sannan Inna ta aika a kira mata Najmuddeen. Ya zo ya durƙusa.

"Me kake jira?" ta ce. "Ka bar mutane a rana. Je ka faɗa wa liman sunan da ka ce."

Da maroƙi ya ɗaga murya a waje ya ce an raɗa wa yaro Uzairu, sunan ya shigo har tsakar gida, mata suka ɗauki guɗa. Hajiya Zulaiha na tsaye da jaririn a hannu, ba ta ma san hawaye na zuba ba. Wannan ne karo na farko da ta ji an faɗi sunan mahaifinta da ƙarfi a gidan nan ba tare da kowa ya waiwaya ba.

Ta juya ta ga Inna zaune kan tabarmarta, ta fito da hannayenta daga mayafi, ta miƙo su duka biyu. Ta ɗora mata shi. Inna ta gyara masa kai a gwiwar hannunta, ta buɗe zanen ta duba goshin, ta daɗe tana dubawa. Sunan dai ba za ta iya faɗa ba, yau ma kamar kullum. Matan da ke kusa suka yi shiru suna jiran irin tsokanar da kaka ke yi wa jika, a yi dariya.

Inna ta sunkuya har bakinta ya kusa taɓa kunnensa.

"Maigida," ta ce, "sai yau ake dawowa? Ai tuwon naka ya huce."